Koken unguwa: wa ake kai wa, yaya ake rubutawa, kuma yaushe?

Ɗan Fada:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san aikin mulki. Layinmu a nan cikin garin Damagaram ba shi da magudanar ruwa. Duk damina ruwa na kwanciya kwana uku ko huɗu bayan sama ta ɗauke, yana cin gindin katangu, sauro kuwa ba a magana. Matasan fadarmu sun yarda a rubuta koke, amma kai ya rabu. Wasu na cewa tunda babu depite (ɗan majalisar dokoki) babu konseye (ɗan majalisar ƙaramar hukuma) a yanzu, ɓata takarda ne kawai. Wasu na cewa ko lokacin da suke nan ma sai ranar kamfe ake ganinsu. Ni kuma ina ganin in ba mu koyi yadda ake magana da masu wakiltarmu ba, ko gobe aka yi zaɓe haka za mu ci gaba da zama. To wa ya kamata a kai wa koke irin wannan, yaya ake rubuta shi, wane lokaci ne ya fi? Kuma don Allah a fahimtar da ni, mene ne ainihin abin da depite zai iya yi wa unguwa?

Tsohon Magatakarda:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, masu cewa babu zaɓaɓɓu a yanzu ba su yi ƙarya ba. Majalisar dokoki ta tafi tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, a watan Afrilun 2024 kuma aka rusa majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi, aka naɗa kantomomi a madadin magadan gari. Amma ma'aikata ba su je ko'ina ba. Magatakardan meri, wato ofishin magajin gari, na nan, biron karɓar wasiƙu na nan, sashen ayyuka na nan, kuma duk shekara ana tsara kasafin kuɗi. Hanyar da takarda ke bi a hannun kantoma ita ce dai take bi a hannun zaɓaɓɓen magajin gari. Bambancin shi ne zaɓaɓɓe ya san zai dawo neman ƙuri'arku, wanda aka naɗa kuwa sama yake kallo. Wannan bambanci babba ne, amma bai hana ku rubutu ba.

Ku fara da sanin ƙofa, domin yawancin koken da ke mutuwa inda ba nasa ba aka kai shi. Magudanar ruwa ta cikin unguwa, kwashe shara, layukan cikin gari da kasuwa, aikin birni ne. Makarantar firamare da ƙaramin asibitin unguwa ma tun 2016 gwamnati ta miƙa kulawarsu ga ƙananan hukumomi, ko da yake kuɗin bai bi aikin yadda ya kamata ba. Ruwan famfo na gari kuwa ba na meri ba ne: kamfanin gwamnati na SPEN ke da rijiyoyi da manyan bututu, irin na Gogo-Macaya da Arunguza da Ganaram, kamfanin NDE da ya gaji kamfanin SEEN a farkon 2024 ke rarrabawa da karɓar kuɗi. Wuta ta NIGELEC ce. Babbar kwaltar da ta taho daga Maraɗi ta nufi Gure da Diffa ta ƙasa ce. Naku dai na birni ne. Sai dai ku lura, Damagaram da'ira biyar gare ta, kuma babban kasafin ayyuka a hannun birni yake, da'ira kaso ake ba ta na gudanarwa. Saboda haka wasiƙar ta tafi da sunan shugaban birni, a ajiye kofi a ofishin da'irarku. In kuka tsaya a da'ira kaɗai za a karɓe ku da mutunci, amma aljihun ba a nan yake ba.

Wasiƙar kanta kada ta wuce shafi ɗaya, kuma buƙata ɗaya tak. Da zarar kun haɗa magudana da fitila da rashin aikin yi da tsadar gero, mai karantawa bai san sashen da zai tura ta ba, sai ta kwanta a kan tebur. Kafin ku rubuta, ku fita da igiya mai mita 10 ko abin awo na magina. Ku auna layin daga ina zuwa ina, mita nawa ne. Ku ƙirga gidajen da ke bakinsa da mutanen da ke ciki. Ku bi ruwan ku ga inda yake fitowa da inda ya kamata ya zuba, tabki ne ko wata babbar magudana, domin magudanar da ba ta da mafita kwashe ambaliya take yi daga ƙofarku ta kai ƙofar maƙwabta. Ku auna alamar da ruwa ya bari a jikin katanga da santimita. Ku faɗi ko ƙasar yashi ce ko dutse, don a garin nan dutse na ɗaga kuɗin haƙa ƙwarai, kuma ma'aikacin da ya ga kun ambaci wannan ya san kun yi aiki. Hoto huɗu zuwa shida sun isa, kowanne da kwanan wata da sunan wurin a bayansa.

Sannan ku raba buƙatar hawa-hawa. Mafi sauƙi shi ne yashe hanyar ruwa da kwalbatin da suka toshe. Na tsakiya, zuba jar ƙasa a daidaita gangaren layin. Babba shi ne gina magudana ta siminti. In kun nemi babban kaɗai, amsar ɗaya ce, babu kuɗi, magana ta ƙare. In kun ba da hawa uku, kun bar wa jami'in inda zai ce to. Ku rubuta abin da unguwa za ta kawo: matasa kaza na kwana kaza, shebur da baro, ku kuma ku nemi motar kwasar ƙasa da man da za ta sha. A ƙasa a jera masu gidaje, suna da lambar waya da sa hannu ko dangwalen yatsa, mai unguwa ya buga hatiminsa. Sa hannu 40 na mutanen da za a iya kira a waya sun fi 300 da hannu ɗaya ya rubuta, kuma ma'aikata na gane wannan da kallo ɗaya.

Ga inda mutane suka fi yin kuskure. Kada ku miƙa wa shugaba takarda a bakin mota ko a ƙofar masallaci. Zai karɓa da fara'a ya ba direba, shi ke nan. Ku yi kofi uku, ku kai biron wasiƙu, ku tsaya har a buga hatimi da kwanan wata da lambar shiga a kan kofin da za ku riƙe. Shi ake kira deshaj. Takardar da ba ta da lamba, a idon ofis ba ta taɓa zuwa ba. Bayan kwana 15 mutum ɗaya ya koma da lambar ya tambayi sashen da aka tura ta da wanda ke riƙe da ita. In wata ya cika shiru, a rubuta tunatarwa ta layi biyar mai ɗauke da lambar farko. Abin da kuke farauta a wannan mataki ba siminti ba ne, ziyarar ma'aikacin sashen ayyuka ce, ya auna ya fitar da ƙiyasin kuɗi. Aikin da ba shi da ƙiyasi ba ya shiga kasafi ko da shugaban na son ku.

Lokaci kuwa shi ne rabin nasara. Shekarar kuɗi na farawa 1 ga Janairu, ana tsara kasafinta a watannin ƙarshe na shekarar da ta gabata. Kowace ƙaramar hukuma na da tsarin raya ƙasa na shekara biyar, wanda ake kira PDC, daga cikinsa ake ciro ayyukan kowace shekara. Ku nemi a nuna muku ko layinku na ciki. Koken da aka kai a Agusta ruwa na cikin ɗaki jaje yake samu, wataƙila da ɗan agaji. Agusta watan tattara shaida ne, Satumba watan miƙawa, Oktoba da Nuwamba watannin bin sawu. Neman yashewa kuma a Maris ko Afrilu ake yinsa, kafin hadari ya fara haɗuwa.

In majalisun zaɓe sun dawo, za ku sami ƙarin ƙofa. Dokar ƙananan hukumomi ta 17 ga Satumba 2010 ta tanadi zama huɗu na yau da kullum a shekara, kuma a buɗe suke ga jama'a, kowa na iya zuwa ya zauna ya saurara. Kujerun ƴan kallo galibi wayam suke, alhali konseyen da ya ga mutanen unguwarsa goma a bayansa ba ya yin shiru.

Malamar Tarihi:

Baba ya gama da maganar meri, bari in ɗauki ta depite, don a nan ne ake yawan jin haushi a kan abin da ba a fahimta ba. A tsarin da aka yi zaɓen 27 ga Disamba 2020 da shi, kujerun majalisa 171 ne: 158 na jihohi takwas, 8 na mazaɓu na musamman, 5 na ƴan Nijar mazauna waje. Jihar Damagaram kujera 32 take da su, ga ta Tesker ta musamman. Amma jihar gaba ɗaya mazaɓa ɗaya ce, daga Magarya a bakin iyaka har Tanut, kuma jam'iyya kake zaɓa da jerin sunayenta, ba mutum ba. Ke nan babu wani depite da doka ta ce na Birni ne ko na Garin Malam ko na Mirya. Kundin tsarin mulkin 2010 ma cewa ya yi kowane depite wakilin ƙasa ne baki ɗaya. Makomarsa ta fi rataya a kan gurbin da shugabannin jam'iyya suka ba shi a jerin, shi ya sa ƙafarsa ta fi sanin Yamai. Ba uzuri nake ba su ba. Ina nufin duk wanda ke jiran depite ya zo da kansa ya tambayi damuwarsa zai daɗe yana jira, tsarin bai tilasta masa ba. Ku ne za ku zaɓi ɗaya ko biyu daga cikin jerin, ku mai da su naku ta hanyar yawan zuwa da takarda.

Na biyu, depite ba shi da kasafin gina magudana. Aikinsa uku ne: yin doka, amincewa da kasafin ƙasa, da sa ido kan gwamnati. Makamansa su ne tambaya a rubuce ga minista, tambaya da baki a zauren majalisa, kiran minista ya zo ya yi bayani, da aikin kwamitoci. To abin da ya dace a kai masa shi ne wanda ya fi ƙarfin meri: ƙarancin ruwan famfo a bazara, babbar hanya, takin zamani, ƙarancin malamai da ma'aikatan jinya. Kuma kada a je masa da «a taimaka mana». A je da tambayar a rubuce, layi goma, da sunan ma'aikatar da ta shafa da alƙaluman da kuka tara, a ce ranka ya daɗe, wannan muke so ka shigar, za mu dawo karɓar kofin amsar. Yawancinsu ba su da ma'aikatan bincike, wanda ya kawo musu aiki a shirye ya sauƙaƙa musu, kuma su ma suna son a ji muryarsu a rediyo ranar zama. In maganar kuɗi ce, a kai ta kafin zaman kasafi na ƙarshen shekara, tun tana hannun kwamiti. Ranar ƙuri'a a zaure an riga an gama.

Abin da ke damuna shi ne mun iya zaɓe, ba mu iya tsakanin zaɓe ba. Ɗan garin nan, André Salifou, wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa, shi ya jagoranci taron ƙasa na 1991. Ɗan garin nan, Mahamane Ousmane, shi aka fara zaɓa shugaban ƙasa a zaɓen jam'iyyu da yawa na 1993. Siyasa ba baƙuwa ba ce a Damagaram. Amma majalisun ƙananan hukumomi a faɗin ƙasa sai 2004 suka kafu ta hanyar zaɓe, al'adar bin su da takarda ba ta yi jijiya ba tukuna. Wakilin da ba ya jin komai daga jama'a tsawon shekara biyar sai roƙo, daga jam'iyya da ƴan kwangila kaɗai yake jin abin da ya kamata a yi, kuma su ba sa fashin zuwa.

A yanzu jam'iyyu ma an rusa su a Maris 2025. Akwai majalisar shawara da aka kafa a shekarar, mambobinta naɗa su aka yi, shawara take bayarwa ba doka take yi ba. Ana iya miƙa wa ƴan jiharmu da ke ciki takarda kan manyan matsaloli, amma magudanar layinku ba ta kai can ba.

Uwar Ƙungiya:

Baba, ka yi mini haƙuri, akwai inda zan ƙara, don takarda ita kaɗai ba ta tafiya a garin nan. Kafin a kai ta biro, a bi ta hannun mai unguwa tun daga farko, ba ranar neman hatimi kaɗai ba. In ya ji labarin daga bakin meri kafin ya ji daga bakinku, kun sami mai ja da ku a cikin gida. Shi ke da hanyar fadar Sarki, kuma sarakuna dama sun kasance suna zama a majalisun ƙananan hukumomi da muryar shawara kafin a rusa su, ana jin nauyinsu.

Ɗana, in an ba ku ganawa, mutum uku suka isa: dattijo ya buɗe da gaisuwa, mace ta faɗi abin da ruwan ke yi a cikin gida, matashi ya riƙe alƙaluma. Matar ba don ado ba ce. Ita ta san kwana nawa ba a hura wuta a madafa ba, yara nawa aka kai asibiti da zazzaɓi, wace masai ce ta cika ta tumbatsa. Minti 15 za ku samu, kada gaisuwa da kirari su cinye goma. Kada ku tashi sai kun sami abu biyu: sunan wanda zai zo duba wurin, da ranar da zai zo. «Za mu duba» ba amsa ba ce, a sake tambaya cikin ladabi, ranka ya daɗe, wace rana za mu jira shi? Da kun fito ku rubuta abin da aka ce, ku karanta wa unguwa a daren, don kada gobe a ce an ba ku wani abu kun ɓoye.

Sai babbar cuta. Kada kowa a cikinku ya karɓi kuɗin mai ko na shayi, kada kuma a saƙa buƙatar kai, ta takardar likita ko ragon suna, a cikin ganawar unguwa. Wanda ya ba ku jika biyar ya ɗauka ya sallame ku, in kun dawo kallon maroƙa za a yi muku. Layin da ake yi da sassafe a ƙofar gidan ƴan siyasa shi ya koya musu cewa talaka na aljihu yake so, ba aiki ba. Ku haɗa dala-dala a fada ku biya kabu-kabu da kuɗin kofi da kanku. In masu gidajen sun biya harajin birni, ku tafi da rasit ɗin, yana rufe bakin mai cewa ba ku biya ba.

In zaɓe ya dawo, ku tuna da konseyoyi mata. Dokar kason mata ta 2019 ta ɗaga rabonsu zuwa 25 cikin 100 a kujerun zaɓe, sun kasance a cikin majalisun da aka rusa, kuma ba a cika zuwa wurinsu da maganar aiki ba.

Ɗan Jarida:

Kan rediyo da WhatsApp, takarda ce gaba, su a baya. In kuka fara da rediyon Anfani ko Shukura kafin ku rubuta, jami'in zai ce shi bai sami komai a hukumance ba, kuma gaskiya ya faɗa. In kuka zo bayan wata ɗaya da deshaj a hannu kuna cewa mun miƙa ranar kaza, lamba kaza, mun tunatar ranar kaza, ɗan jarida ya sami abin da zai kira ofis ya tambaya a kai. Bidiyon ruwan ya kasance gajere, a faɗi rana da sunan layin da baki a cikinsa, don hotunan ambaliyar wasu garuruwa na yawo ana laƙaba su ga namu. Bayan daminar 2024, wadda ta rusa har tsohon masallacin Birni a farkon Satumba, babu mai cewa maganar ruwa ƙarama ce, ba ku buƙatar ƙari a kan abin da ya faru.

Ku kiyaye harshe ƙwarai. Dokar laifukan intanet ta 2019, da gyaran da aka yi mata a Yunin 2024, ta tanadi ɗauri kan ɓatanci da zagi da yaɗa abin da ake ganin zai tada hankalin jama'a. Saƙon murya ɗaya na ɓacin rai a guruf ɗin fada ya isa ya jawo wa mutum kwanan kaso, ya kuma kashe koken. Kada a ce wane ya ci kuɗin aiki sai da takarda a hannu. In kuna son sanin abin da aka ware wa magudanun ruwa, ku nemi kofin kasafin a rubuce, dokar 23 ga Fabrairu 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma.

Ɗan Fada:

Allah ya saka da alheri, iyayena da yayyena. Saura ɗaya. Da wane harshe za mu rubuta? Yawancin masu gidajen ba sa karanta Faransanci, wasu kuma na tsoron sa hannu a kan abin da ba su ji ba.

Tsohon Magatakarda:

Tsoronsu daidai ne, kada ku tilasta kowa. Kundin tafiyar da mulkin ƙasa da aka ƙaddamar ranar 26 ga Maris 2025 ya ɗauki Hausa harshen ƙasa, amma Faransanci na cikin harsunan aiki, kuma da shi ake cika rajistar biro har yanzu. Ku yi biyu a takarda ɗaya, Faransanci a gaba, Hausa a baya, magana ɗaya alƙaluma ɗaya. A karanta ta Hausar da ƙarfi a ƙofar mai unguwa bayan la'asar, wanda ke da gyara ya faɗa, sannan a sa hannu. Kowane shafin sa hannu ya ɗauki taken koken da kwanan wata a samansa, don kada wani ya cire shi ya liƙa wa wata takarda daban. Asalin deshaj ɗin ya zauna wurin mai unguwa cikin leda, ku ku riƙe hotonsa a waya biyu ko uku.